Yadda Muka Yanke Ƙafafun Gadon Inna

Ranar da Inna ta faɗo daga gadonta, ina shagona na ɗinki a Kwararafa, nan cikin Jos, ina yanka labulen wata amarya. 'Yar hayar gidanmu ce ta bugo mini waya, wata baiwar Allah mai sayar da kabeji da karas, wadda ta daɗe a ɗakin da ke jikin na Inna har ta zama kamar 'yar gida. Ta ce da Hausarta ta 'yan koyo, "Anti, ka zo yanzu yanzu, Mama ya faɗi." Na yar da almakashi, na fita ko ƙofa ban ja ba, na tare ɗan keke ya sauke ni a bakin lungunmu na Gangare, sauran tafiyar na ƙarasa da gudu, ni da na manta rabon da in yi gudu.

Na tarar da Inna zaune a kan leda, ta jingina da kabet, har ta gyara ɗaurin ɗankwalinta, tana yi wa matar nan faɗa. "Wa ya ce ki tara mini jama'a? Zamewa na yi, ba mutuwa ba." Amma da na ce ta tashi mu gani, sai ta kasa. A asibiti aka ce babu karaya, buguwa ce a ƙugu da gwiwa, sai dai likita ya ja ni gefe ya ce ƙashin mai shekarunta ba ya jure irin wannan sau biyu.

Dole in ba ku labarin gadon nan, don shi ne tushen rigimar. Gadon ƙarfe ne mai rumfa, Baba ya saya mata tun zamanin da ake haƙar kuza, lokacin da darajar mace a lungunmu take a tsawon gadonta da yawan kwanukan jerenta. Shi kansa gadon dogo ne, ga kuma katifa uku an ɗora ɗaya kan ɗaya. In Inna ta hau ta zauna, sai ka ɗaga kai kafin ka gaishe ta. Da 'yar kujerar tsugunno take takawa ta hau, da ita take sauka. Kujerar ce ta sulale a kan leda a hantsin ranar.

Washegari sai ga Yaya daga Abuja, inda yake sayar da kayan gini. Shi ne ɗan farin Inna, kuma Inna irin matan da ne masu alkunya ta gaske. Tunda na yi wayo ban taɓa jin ta kira sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. "Wancan" take ce masa, ko "yayanku". In ya zo gaisuwa a bakin ƙofa yake zama a kan tabarma, da hularsa a kai, ita kuma tana can saman gado tana amsa wa bango. Duk maganar da za ta shiga tsakaninsu ta bakina take bi. Ga su a wuri ɗaya suna jin juna sarai, amma sai ta ce, "Ki tambayi wancan ya ya baro yara," ni kuma in juya in tambaye shi.

Yaya bai zo hannu rabbana ba. Ya kawo wani ƙarfe mai ƙafa huɗu da tsofaffi ke dogarawa, da farar kujerar roba mai fo a ƙasanta, ya ce gadon asibiti mai hawa da sauka yana nan tafe. Inna ta saci kallon kayan sau ɗaya, ta ce da 'yar haya ta kwashe su ta kai zaure. Sannan ta ce da ni, "Ki faɗa wa yayanku an gode, Allah ya yi albarka. Amma ɗakina ba asibiti ba ne. So yake duk wadda ta shigo ta fita tana cewa tsohuwar nan ta gama yawo?"

A zaure Yaya ya yanke hukunci. Ya ce tunda haka ne, bayan babbar Sallah zai zo da mota ya tafi da ita Abuja. Ya ware mata ɗaki a ƙasa, da banɗaki a ciki, da mai kula da ita. Ban ga laifinsa ba, wallahi. Mutum ne mai son uwarsa, kuma tsoro ya ji. Amma da na koma na isar da saƙon, Inna ta ture kwanon abincinta gefe. Sai can da la'asar ta ce, "A ɗakin nan aka kawo ni. In za a fitar da ni, a makara nake so a fitar da ni."

Na san abin da take gudu. A Gangare, Inna mutum ce. Ba a haihuwa a lungun nan ba a zo an kira ta ta duba cibiya ba, ko a kawo mata jaririn har ɗaki. Bayan la'asar ƙawayenta suna taruwa, a ci goro, a tattauna wanda ya mutu da wanda ya yi aure. Tana jin kiran salla daga masallacin da Baba ya yi shekaru yana salla a cikinsa. A Abuja kuwa katanga ce da ƙaton ƙyaure da zafi, sai ta wuni ba wanda ya yi mata sallama. Na taɓa kai ta can ganin likita, kwana kaɗan ta yi ta rame kamar wadda ta tashi daga jinya.

Na buga wa Yaya waya yana kan hanya. Na ce, "Yaya, ka bar mini ɗakin nan daga yau zuwa Sallah. In ka zo ka gani hankalinka bai kwanta ba, ni da kaina zan haɗa mata akwati."

Ya yi 'yar dariya. "Ke da labule da zanin gado za ki hana tsohuwa faɗuwa?"

Na ce, "Gani ya kori ji. Ka dai zo."

Ba cika baki ba, jere aikina ne. Bayan ɗinki, na yi shekaru ina shirya ɗakunan amare a garin nan, daga Gangare har Tudun Wada, kuma na sha yin faɗa da gwaggonnin amare masu son a cusa kujeru da shokes da madubi a ɗakin da ko juyawa ba a iya yi a cikinsa. Kullum abin da nake faɗa musu shi ne, 'yan ganin ɗaki yini ɗaya za su yi su watse, ita kuwa yarinyar a nan za ta kwana ta tashi. Ɗakin da mai shi ke tafiya a karkace kamar kaguwa, ko da zinare aka jera a ciki, sito ne. Sai dai wannan karon ba amarya zan yi wa jere ba, uwata ce, kuma ta fi duk gwaggon da na taɓa karawa da ita taurin kai.

Ban taɓa komai ba da farko. Na kwaso ɗinkin hannu na zo na riƙa wuni a wurinta, ina sa maɓalli ina kallonta ta wutsiyar ido. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma Inna ba za ta taɓa faɗa maka da baki ba, sai dai hannunta ya faɗa. In ta sauko, sandar rumfar gado take fara kamawa, daga nan gefen kabet, daga nan wata ƙusa da ke bango, sai kuma ƙofa. Har bangon ya yi duhu a wuraren da take dafawa. Tsakanin ƙusar da ƙofa babu abin riƙewa, a nan take yin tangaɗi kullum, ga kaskon gawayinta na jin ɗumi a daidai wurin, ga labulen ƙofa yana jan ƙasa yana neman ƙafarta. Na ga kuma duk abin da take nema kullum, ko dai yana ƙarƙashin gado sai ta durƙusa, ko yana saman kabet sai ta yi ɗage. Wurin da hannu ke kaiwa cikin sauƙi kuwa, kwanukan ado ne suka mamaye shi.

Da na gama nazarina na ce, "Inna, katifa biyu za mu sauke, a bar miki ɗaya."

Kai! Kamar na watsa wa wuta fetur. Ta ce, "Wacce za ki sauke, uwar iya? Ta ƙasan nan ta audugar rimi, uwata ce ta yi mini ita da za a kawo ni gidan nan. Ta tsakiya ubanku ya saya shekarar da ya dawo daga Makka. Ta sama kuwa," sai ta kau da kai, "wancan ne ya kawo, da ya fara samun ciniki. To faɗa mini, wa zan jefar a cikinsu?"

Na girma a gidan nan ina ganin tulin katifun nan, na ɗauka son girma ne irin na tsofaffi. A gidajenmu haka ake yi, in aka kawo wa uwa sabuwar katifa ba ta fitar da tsohuwar, sai ta ɗora a kai, gado yana ta hawa sama ita kuma tana ta tsufa. Na tabbata ko da mota goma Yaya zai zo, katifa ɗaya ba za ta bar ɗakin nan ba. Na tashi na ɗaga zanin gadon na dubi ƙafafun ƙarfen, dogaye, sun kusa kai mini gwiwa.

Na ce, "To shi ke nan, katifunki suna nan. Ƙafar gadon za mu yanke."

Ta dafe ƙirji. "Innalillahi! A yanke gadon ubanki? Gado a ƙasa ai shimfiɗar majinyaci ce. Mata su shigo su same ni a ƙasa kamar mai jego?"

Ni ban iya kwana-kwana ba, ita ma ta san hali, don a wurinta na gado. Na ce, "Inna, hanya biyu ce, babu ta uku. Ko a yanke ƙafar gado ki zauna a ɗakinki, ko a bar shi da tsawonsa ki tafi Abuja ki bar shi a nan beraye su hau. Rumfarsa tana nan ba za a taɓa ba. Zan ɗinka masa sabuwar riga, wadda duk ta shigo ba za ta ce an yanke ba, sai dai ta tambayi inda aka saya."

Ta daɗe tana jan carbi. Can ta ce, "In ya yi muni, da haƙoranki za ki mayar da su."

Na zaunar da ita a kan kujera ina ƙara mata matashi a ƙasa, har muka sami tsawon da in ta zauna tafin ƙafarta yake taka ƙasa sosai, kuma ta iya miƙewa ba tare da an ja ta ba. Na auna da tef ɗin ɗinkina, na cire kaurin katifu uku, abin da ya rage shi ne rabon ƙafar gado, bai fi faɗin tafin hannu ba. Mai walda ya zo da janaretonsa don babu wuta. Aka kwance gadon aka fito da shi tsakar gida, rabonsa da ganin rana tun kafin a haife ni. Mutanen lungu suka taru kamar ana rabon zakka. Inna ta sa aka juya mata kujera ta ba wa gadon baya, duk ƙarar da injin ya yi sai ta runtse ido. Tausayinta ya kama ni har na ji ƙwalla, amma ban ce a tsaya ba. Da ya gama na sa ya liƙa wa kowace ƙafa faffaɗan ƙarfe a ƙasa don kada ta yi motsi.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Gado ya sauka, ƙarƙashinsa ya rufe, duk abin da ke zaune a can ya rasa masauki. Jama'a, abin da muka fitar! Akwatin ƙarfe, kwalla cike da zannuwan da ba a taɓa ɗaurawa ba, garin kunu, daddawa, tsohuwar fitilar ƙwai, takalman Baba, magungunanta da take ɓoyewa don kada baƙi su gani. Sai kuma wani ƙulli fari a cikin leda, da na ɗauka ta ce, "A hankali. Likkafanina ne, da ruwan zamzam aka wanke shi." Na riƙe shi da hannu biyu kamar ƙwai. Ita kuwa ko a jikinta, ta ce in nema masa wurin da ba za a sha wahalar nemansa ba ranar da ake bukata.

Nan muka zo kan kabet, wanda shi ne yaƙi na biyu. Kabet ɗin Inna ya kama bango guda, daga ƙasa har kusa da rufi, cike da tasoshi da langa da kumbo da samira, jeri bisa jeri, masu fure ja da shuɗi da ruwan ƙwai. Ba a taɓa cin ko loma ɗaya a cikinsu ba. Aikinsu kawai a kalle su, sai kuma gab da Sallah ta hau kujera ta sauke su ɗaya bayan ɗaya ta wanke ta mayar. Wato ko ba ta sake faɗowa daga gado ba, wata rana daga nan za ta faɗo.

Na ce mata duk abin da take taɓawa kullum dole ya dawo tsakanin gwiwarta da kafaɗarta, ba durƙuso ba ɗage. Ta ce ai nan ne idon jere, in aka kwashe kwanukan wurin aka jera robobi da kwalaben magani, gara a rushe ɗakin. Na ce wa ya ce za a kwashe su? Na ɗauko wani kumbo mai jan fure, na buɗe, na zuba magungunanta a ciki, na rufe na mayar da shi mazauninsa. Na ce, "To, nuna mini inda maganin yake."

Ta ɓata rai. "Kwanon jere ba a sa masa komai."

Na ce, "Haba Inna! Kwanukan nan sun fi kowa hutawa a gidan nan. Mu duka mun yi aiki mun tsufa, su suna zaune ana yi musu wanka. Lokaci ya yi da za su ci guminsu."

Dariya ta kuɓuce mata, ta rufe baki da gefen mayafi. Daga nan ita da kanta ta karɓi ragamar aikin. Goro a wannan langar, carbi da man zafi a waccan, garin kunu a kwalla mai murfi, sukari da ganyen shayi a samira, tocila a tasar da ta fi kusa da gado. Ta fi ni sanin wanne ne murfinsa ba ya cijewa. Abin da ya fi yi mata daɗi shi ne maganin nan, don yanzu yana gaban kowa amma ba mai ganinsa. Zannuwa da likkafani suka koma akwatin ƙarfe, na ɗinka masa sutura da 'yar katifa a sama, ya zama wurin zaman baƙi a jikin bango. Kwanukan da suka yi yawa na sa kafinta ya yi musu kanta a can sama da ƙofa, na kuma yi mata alkawarin wankin Sallah ya dawo wuyana da na 'ya'yana, ita nata ta zauna tana nuna mana inda muka bar datti.

Ledar ƙasa na naɗe ta gaba ɗaya. Na shimfiɗa kafet mai ruwan goro daga bango zuwa bango, aka kafe bakinsa don kada ya naɗe, ga shi kuma ya tare sanyin simintin Jos da ke shiga ƙashi. Kaskon gawayi ya bar kan hanya ya koma lungu kusa da taga, a kan faffaɗan dutse. Ita tagar ma, wani tsohon kwaba ne ya toshe ta shekara da shekaru. Da muka janye shi haske ya faɗo ɗakin, kwanukan nan suka ɗauki ido, Inna ta ce, "Au, ashe haka furensu yake?" Na rage tsawon labulen ƙofa, na sa aka sassaƙe dokin ƙofar da take tuntuɓe da shi, aka shafa wa bango farin fenti mai ɗan ruwan madara.

Saura abin riƙewa. Na san in na ce mata zan kafa mata ƙarfen dogarawa, zaure zai bi 'yan uwansa. Na sayo bututun ƙarfe irin na ruwan famfo, aka yi masa fenti ruwan zinare, aka kafe shi a bango daidai inda hannunta ya saba bi, daga kabet zuwa ƙofa, ya fita ya bi bangon tsakar gida har banɗaki. A ƙarshensa na ciki na rataya dardumarta da mayafinta mai aiki. Ta zo ta shafa shi, ta ce, "Wannan fa?" Na ce, "Abin da kika ga dama ki kira shi." Ta ce, "Maratayi ne." Na ce maratayi ne. Mu biyun mun san gaskiya, kuma tun daga ranar ba ta taɓa fita ba tare da hannunta yana kansa ba.

Rigar gado ita na bari ƙarshe. Na samo yadi mai nauyi, kore shar mai zaren zinare a baki, na yi wa rumfar labule mai tattara, na yi zanin gado da ya sauko ya sumbaci kafet, da matasai huɗu. Da na gama na ja da baya na tsaya a ƙofa. Ni da kaina na ce a raina, yarinya, kin iya. Rumfar tana nan da kwarjininta, gadon kuma ya zauna daram.

Gwajin farko ƙawayenta ne. Akwai wata babbar ƙawarta, tare aka kawo su lungun suna amare, kuma tun lokacin suke gasar ɗaki a ɓoye. Na san in wannan ta taɓe baki, duk wahalata ta tashi a banza. Ta yi sallama ta ɗaga labule, ta tsaya cak. Ta dubi sama ta dubi ƙasa. Ta ce, "Ikon Allah! Amarya aka yi mana a lungu ba a gayyace mu ba?" Ta tako ta zauna a bakin gadon kusa da Inna, abin da ba ta taɓa iya yi ba sai an tura ta. Ta ɗan yi tsalle a kai, ta taka ƙasa, ta miƙe, ta sake zama. Sannan ta dube ni ta rage murya. "'Yar nan, in kin sami sarari ki leƙo nawa ɗakin. Gwiwar nan ta hana ni sakat."

Inna ta buɗe langa ta miƙa mata goro, ta ce, "Ai ni na ce mata ta yi haka. Yaran yanzu sai kana nuna musu."

Na haɗiye dariyata na ce, "Ƙwarai kuwa, Inna."

Bayan Sallah Yaya ya zo kamar yadda ya ce. Mota ba ta shiga lungunmu, a bakin titi ya ajiye ta, na hango ya jera matasai a kujerar baya. Na yi kamar ban gani ba. Ya yi sallama a ƙofar Inna yana neman tabarmarsa ta kullum, na ce babu tabarma yau, ya shigo ciki, akwai wuri. Da can ko ya so shiga babu inda zai sa ƙafa.

Mai sayar da kayan gini ne, ba a yi masa rufa-rufa. Ya kama bututun bango ya jijjiga da dukkan ƙarfinsa, ya saki nauyinsa a kai. Ya murza kafet da ƙafa, ya duba dokin ƙofa, ya ɗaga zanin gado ya ga guntayen ƙafafun, ya ɗago ya dube ni. Sannan ya zauna a kan kafet a gefen gado, ya gaishe ta, ta amsa wa bango. Babu wanda ya ce da Inna ta yi wani abu. Ita da kanta ta dafa sandar rumfa ta miƙe, ta bi kabet, ta kama maratayinta, ta ɗauki buta ta fita. Muna ji ta yi alwala a tsakar gida tana yi wa 'yar haya tsiya a kan kabejin da ta baza a hanya. Ta dawo ta buɗe langa, ta ciro goro biyu ta ba ni, ta ce, "Ba wa baƙo." Ta zauna abinta. Yaya ya cire hula ya share gumi, ya daɗe kansa a sunkuye.

A zaure ya tsayar da ni. Ya ce, "Kin san abin da ke hana ni barci? Duk lokacin da wayata ta yi ƙara na ga lambar Jos, sai in ɗauka mugun labari ne."

Na ce, "Na sani, Yaya. Ba zan yi maka rantsuwa cewa ba za ta sake faɗuwa ba, wannan na Allah ne. Amma a Abuja ma akwai ƙasa, kuma tayil ɗin gidanka ya fi tsohuwar ledarta santsi. A nan in ta yi tari, mutum biyar za su ji."

Ya yi ta juya goron a hannunsa. Can ya ja dogon numfashi ya ce, "A bar ta a ɗakinta." Ya koma ya yi mata sallama, ta ce wa bango Allah ya kiyaye hanya, ya kwashi ƙarfensa mai ƙafa huɗu da kujerar roba ya fita.

Na raka shi bakin titi na dawo. Inna tana zaune a bakin gado, ƙafafunta a kan kafet.

Ta ce, "Ya tafi?"

Na ce, "Ya tafi, Inna. Ya ce ki zauna a ɗakinki."

Ta ce alhamdulillahi a hankali, ta shafa fuska. Na zata za ta yi murna ta fara yi mini tsiya, sai na ga ta zuba wa wurin da ya zauna ido.

"Wai ke," ta ce, "yaushe wancan ya yi furfura haka?"

Na ce, "Ai ya daɗe, Inna."

Idonta ya kawo ruwa, ta goge da bakin mayafi da sauri kamar wadda hayaƙi ya shiga wa ido.

Ta ce, "In ya isa ki buga masa waya. Ki ce ya riƙa zuwa. Kada ki ce ni na ce."